Tabon Kumatu da Ƙunar Rana: Darasi Kan Kiyaye Lafiyar Fata

Gabatarwa

Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana, fata kuwa ita ce suturar da aka haifi ɗan Adam da ita. An shirya wannan darasi ne domin wayar da kan jama'a game da wani tabo mai duhu da ke fitowa a fuska, musamman fuskar mata, wanda yawancin mutane ke kira ƙunar rana, likitoci kuma suke ce masa melasma. An ɗauki birnin Bauchi a matsayin misali, amma bayanin ya shafi kowane ɗan ƙasa, daga Sakkwato har Ikko.

Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne: wannan tabo ba ya kisa, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ana iya rage shi ƙwarai. Abin da ya fi jawo wa mutane hasara shi ne gaggawar neman magani a inda bai kamata ba. Hanyar da likitoci suka yarda da ita tana da matakai uku a jere: inuwa tukuna, sa'an nan magani, na'ura kuwa sai a ƙarshe. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara daga ƙarshe, shi ne kan yi da-na-sani.

1. Rana da fatar ɗan Adam

Birnin Bauchi yana wajen digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, watau tsakiyar watan Afrilu da ƙarshen watan Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kan mutum da tsakar rana, har inuwarsa ta koma ƙarƙashin ƙafafunsa. A watannin bazara, Maris da Afrilu, zafi kan doshi digiri 40.

Amma ba zafin da muke ji ne kaɗai ke taɓa fata ba. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana kiransa altarabayolet. Masana suna auna ƙarfinsa da wani ma'auni, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara kare fata da zarar ya kai 3. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu, ma'aunin yakan kai 11 ko fiye da tsakar rana. Hadarin damina da hazon hunturu suna rage wannan haske, amma ba sa tare shi duka. Ranar da aka ce yau gari ya yi lumshi, fata tana nan tana shan rabonta.

Fata tana da nata makamin. A cikinta akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke sarrafa wani launi mai suna melanin, shi ne ke ba mu baƙi ko wankan tarwaɗa. Aikinsa ya shanye wancan haske kafin ya kai ga ɓarna. Wani bincike da aka yi a Amurka cikin 1979 ya nuna baƙar fata tana tare wannan haske wajen ninki huɗu fiye da farar fata. Wannan ne dalilin da ya sa sankarar fata ba ta yi yawa a cikinmu kamar yadda ta yi a Turai da Ostareliya ba. Baƙin fata baiwa ce, ba aibi ba.

Sai dai makamin yana da halinsa. Duk abin da ya tsokani fatar baƙin mutum, ko rana, ko ƙurji, ko ƙuna, ko mai mai zafi, amsar da takan bayar ita ce ta ƙara launi a wurin. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin darasin nan.

2. Mene ne melasma, me kuma ke kawo shi?

Tabo ne mai launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka wanda ke shimfiɗuwa a kumatu, da goshi, da karan hanci, da saman leɓe, wani lokaci har haɓa. Yawanci yakan fito a gefen dama da na hagu daidai wa daida. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba ya kumbura, ba ya ɓarewa. Cikin masu shi goma, wajen tara mata ne, galibi masu shekarun haihuwa.

Abubuwa huɗu ne suka fi haɗuwa su kawo shi. Na farko hasken rana, kuma bincike ya nuna cewa a fatar baƙin mutum har hasken da ido ke gani yana ƙara masa duhu. Na biyu sauyin sinadaran jikin mace da ake kira homon, shi ya sa yakan bayyana lokacin juna biyu, ko bayan an fara shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Na uku gado: in uwa ko yaya tana da shi, ba abin mamaki ba ne ƙanwa ta samu. Na huɗu zafin wuta, wanda kan iya ƙara masa ƙarfi. Uwargidan da ke tuyar masa tun asuba a gaban tanda, sa'an nan ta wuni a rana tana ciniki, ta haɗa biyu ke nan. Maza ma ba su tsira ba, musamman manoma, da magina, da 'yan acaɓa.

Tabon da juna biyu ya kawo sau da yawa yakan dushe da kansa cikin shekara guda bayan haihuwa, in an kiyaye rana. Mace mai ciki ba ta da dalilin tayar da hankali. Wadda kuma take zargin ƙwayar tazarar haihuwa kada ta daina sha da kanta. Ta koma asibiti a duba mata wata hanyar.

3. Ba kowane tabo ne melasma ba

Kafin a nemi magani, wajibi ne a san cutar. Tabon da ƙurajen fuska suka bari ɗigo-ɗigo ne, ba shimfiɗe ba. Kyasbi yana da ɗan gari-gari in an kankara, kuma maganinsa dabam. Tabo mai haske wanda in an taɓa shi mutum ba ya ji yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkewa sarai in an zo da wuri, maganinta kuma kyauta ne. Jan tabo a kumatu tare da ciwon gaɓoɓi da zubewar gashi alama ce ta wata cuta ta cikin jiki mai bukatar likita. Haka kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa, ko baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce wanda ke girma, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Mai kanti ba zai iya rarrabe waɗannan da ido ba, balle maƙwabciya.

4. Garin gyaran gira

Ga yadda abin kan faru. Mace ta ga duhu a kumatunta, biki kuma ya matso. Ƙawa ta ce ga wani mai, mako biyu zai share shi. A kasuwannin Wunti da Muda Lawal, kamar dai sauran manyan kasuwannin ƙasar nan, mayukan shafawa iri-iri ne, akwai na kirki akwai na banza. Bayan waɗannan kuma ga masu haɗi a gida, suna zubawa a roba babu suna babu lamba. Mako biyun farko fuska ta yi haske, kowa ya yaba. Daga nan sai labari ya sha bamban. Abubuwa uku ne aka fi samu a cikin mayukan bilicin, kowanne da irin ɓarnarsa.

Na ɗaya, haidirokwinon, wanda a jikin kwali ake rubuta shi hydroquinone. Magani ne na gaske a hannun likita, na 'yan watanni. In aka ɗauki shekaru ana shafa shi ana shiga rana, sai ya juya ya haifar da wani baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi da ƙananan gudaji a kan ƙashin kumatu, wanda ya fi na farkon muni, kuma da wuya ya fita har abada. Likitoci a Afirka ta Kudu ne suka bayyana wannan illa cikin 1975, ƙasar kuma ta hana sa shi a kayan kwalliya cikin 1990.

Na biyu, magungunan sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda ke zuwa a ɗan bututu. An yi su ne domin wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci. In aka mai da su man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage cinyoyi da damatsa, ƙuraje da makero su samu gindin zama, rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Maganin yana ratsa fata ya shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon sukari.

Na uku, zaiba, wadda ake rubuta ta mercury ko calomel, ko ma a ɓoye sunanta ɗungum. Guba ce mai lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kawo rawar hannu da mantuwa. Tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, tana shiga nonon uwa, tana kuma maƙalewa a tawul da zanen gado ta shafi miji da 'ya'ya waɗanda ba su taɓa shafa man ba.

Dukan ukun suna da ɓarna ɗaya da suka yi tarayya a kai: suna kwance wa fata makaminta. Fatar da aka rage wa melanin rana ta fi ƙona ta, in ta ƙone kuma sai ta ƙara duhu, mai ita ta ƙaro mai mafi ƙarfi. Haka za a yi ta zagaye har a wayi gari fuska kala biyu, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Gargaɗi na musamman: wadda ta daɗe tana shafa mai mai sitiroyid a jiki duka kada ta daina rana ɗaya, domin jiki ya saba, yankewar gaggawa tana iya jawo rashin lafiya mai tsanani. Ta ɗauki robar man ta kai wa likita, ya tsara mata yadda za ta janye sannu a hankali. Babu abin kunya a cikin wannan. Shafa wa yara da jarirai waɗannan mayuka kuwa zalunci ne, domin fatarsu ta fi ta manya saurin tsotse guba.

5. Abin da doka ta ce

Cikin 1993 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NAFDAC domin kula da ingancin abinci da magunguna da kayan kwalliya. Ƙa'idojin hukumar na 2019 sun haramta sa zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma hana haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. A watan Fabrairu na 2023, a wani taro da aka yi a Kano, hukumar ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa. Wani bincike da aka buga cikin 2002 ya gano kashi 77 cikin 100 na 'yan kasuwar da aka tambaya a Ikko suna amfani da irin waɗannan mayuka, abin da ke nuna matsalar ba ta jiya ba ce.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a Japan inda gubar zaiba ta nakasa dubban mutane. Cikin 2023 ƙasashen yarjejeniyar suka amince a hana sa zaiba a kayan kwalliya baki ɗaya. Saboda haka duk man da ba shi da lambar NAFDAC, ko ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, a bar shi a kan teburin mai shi komai arharsa.

6. Mataki na farko: inuwa

Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa rigakafin shi ne rabin maganin. Babu man da zai yi aiki a fuskar da ke wuni a rana.

(a) A rage fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma in da hali. Aikin da za a iya yi da sassafe ko da la'asar sakaliya, a yi shi a lokacin.

(b) A yi amfani da lema ko malfa mai faɗin baki. Mayafi da hijabi suna rufe kai da wuya, amma ba sa yi wa kumatu inuwa, nan ne kuwa tabon yake. Mai sana'a a bakin hanya ta kafa rumfa, ko ta zana ce.

(c) A shafa man kare rana mai lambar SPF 30 ko fiye. Mai tabo ta nemi 50. Wanda aka sa wa ɗan launin ƙasa, mai ɗauke da sinadarin da ake rubuta shi iron oxide, ya fi amfani, domin yana tare hasken da ido ke gani, kuma ba ya barin fuska fari fat kamar an shafa toka. Tsawon yatsu biyu ya ishi fuska da wuya. Gumi da wanke fuska suna ɗauke shi, don haka wanda ke cikin rana ya sake shafawa bayan kowane awa biyu, da kuma bayan alwalar azahar.

(d) A tausaya wa fata. Dirza fuska da soso, da shafa lemun tsami, ko kanwa, ko toka, ko man goge baki, duk tsokana ce mai ƙara duhu. Man kaɗanya yana da kyau wajen hana bushewa lokacin hunturu, sai dai bai isa ya tare rana ba. Masu gyaran jikin amare su tsaya ga dilka da kurkur na gargajiya, su yi da sauƙin hannu, kada su cuɗa da man bututu.

7. Mataki na biyu: magani a hannun likita

In an kiyaye rana tabon bai ja da baya ba, likita yana da magunguna. Mafi shahara haɗi ne na abubuwa uku wanda wani likitan fata na Amurka, Albert Kligman, ya bayyana cikin 1975. Irin wanda ake amfani da shi yanzu yana ɗauke da haidirokwinon kashi 4 cikin 100, da tiretinoyin, da ɗan sitiroyid mara ƙarfi. Mai karatu zai ce, ashe ba su ne aka hana ba? Bambancin yana ga awo da lokaci. Likita yana ba da shi a shafa da dare, a kan tabon kaɗai, na mako 8 zuwa 12, sa'an nan a dakata a koma ga mai sauƙi. Wuƙa ɗaya ce a hannun mahauci da hannun yaro.

Akwai kuma man azelaic acid, wanda ba shi da haɗarin haidirokwinon, likita kan iya ba mai juna biyu. Tiretinoyin da haidirokwinon kuwa ba na mai ciki ba ne. Ga tabon da ya yi taurin kai, wasu likitoci kan ba da ƙwayar tranexamic acid na 'yan watanni, amma sai sun tabbatar mutum bai taɓa samun daskarewar jini a jijiya ba. Ba ƙwayar da za a saya a kemis a sha da ka ba ce. Allurar hasken fata da ake yi wa mata a ɗakunan kwalliya ba ta cikin magungunan wannan tabo, kuma tana iya taɓa hanta da ƙoda.

Fata tana ɗaukar wajen mako huɗu kafin ta sabunta kanta. Saboda haka ba a ganin amfanin magani na gaskiya sai bayan wata biyu ko uku. Duk wanda ya yi alkawarin mako ɗaya, guba yake sayarwa. A kuma sani cewa melasma yana dawowa in aka saki jiki da rana. Lallaɓa shi ake yi kamar hawan jini. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

8. Mataki na uku: saɓa da na'ura

Akwai ayyukan gyaran fata da ake yi a asibiti. Ɗaya shi ne a shafa wani ruwan magani mai ƙarfi na 'yan mintoci domin saman fata ya yi saɓa. Wani kuma a yi amfani da na'urar hasken lesa ta farfasa launin. Waɗannan sun yaɗu a manyan birane, ana kuma tallarsu a wayoyin hannu da hotunan kafin da bayan.

Jama'a su lura da kyau. Saɓa da lesa duka rauni ne ake yi wa fata da gangan, mun kuwa riga mun ga yadda baƙar fata ke amsa rauni. In ruwan ya yi ƙarfi, ko na'urar ba ta dace da launin mutum ba, sai a fito da tabon da ya fi na da, ko farin tabo mai kama da ƙuna, ko tsiro mai tauri. Ko an yi daidai ma, melasma kan dawo bayan 'yan watanni in ba a ci gaba da matakin farko da na biyu ba. Saboda haka likitocin fata ba sa fara wa da na'ura.

Kafin mutum ya miƙa fuskarsa, ya yi tambaya huɗu. Mai aikin likita ne mai rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya? Ya saba aiki a kan baƙar fata? Zai gwada a ɗan wuri kaɗan tukuna? In abu ya ɓaci, wa zai ɗauki nauyi? In aka yi ta kame-kame wajen amsa, a tashi a tafi.

9. 'Yan'uwanmu zabiya

Akwai waɗanda rana ta fi tabo haɗari a gare su. Zabiya an haife shi ne da ƙarancin melanin, gado ne daga uwa da uba duka, ba laifin kowa ba. Rana tana ƙona shi, fatarsa ta yi kaushi da ɓawo-ɓawo tun yana yaro, daga nan kuma sankarar fata kan biyo baya, wadda ke hallaka zabiya da yawa a Afirka tun suna samari. Cikin 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da su.

Iyaye su sa wa yaro zabiya malfa, da riga mai dogon hannu, da man kare rana mai lamba 50 tun yana ƙarami. Kada a tura shi talla ko kiwo da tsakar rana. Malaman makaranta su ɗauke masa tsayuwar fili, su zaunar da shi a gaban aji saboda raunin gani. A kai shi a duba fatarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, domin ɓawon da aka cire da wuri ba ya zama sankara.

10. Inda za a nufa

A fara da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba. A Bauchi akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2010. Maƙwabta kuma akwai asibitocin koyarwa na Jos da na Malam Aminu Kano. A tafi da dukan mayuka da sabulun da ake amfani da su, a faɗa wa likita gaskiya.

Aikin bai tsaya ga mata kaɗai ba. Magidanta da samari su daina auna kyau da hasken fata, domin yawancin masu bilicin yabo suke nema. Iyayen amarya su san abin da ake shafa wa 'yarsu. 'Yan kasuwa su ji tsoron Allah su bar sayar da abin da ba za su shafa wa 'ya'yansu ba. Wanda ya karanta wannan darasi kuma ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.

Tambayoyi domin bita

1. Wane aiki melanin ke yi a fata, kuma me kan faru in an rage shi?
2. Kawo abubuwa huɗu da ke haddasa melasma.
3. Waɗanne abubuwa uku ne aka fi samu a mayukan bilicin? Faɗi illar kowanne.
4. Don me ba a son wadda ta daɗe tana shafa sitiroyid ta daina rana ɗaya?
5. Jera matakai uku na magance tabon kumatu, ka bayyana dalilin da ya sa na'ura ta zo a ƙarshe.
6. Wace kulawa ta musamman ta kamata iyaye da malamai su ba yaro zabiya?